Tsaga Uku a Jikin Kafireta

Ƙarfe tara da rabi na safe aka turo wani ɗan acaba mai suna Boaz cikin caji ofis na Kafanchan, rigarsa a yage har cibiya, leɓensa na jini. Wani dattijon makiyayi mai suna Sada yana riƙe da ƙugunsa, ya ƙi saki.

Sufeto Afiniki ta ajiye kofin shayinta. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma ba ta son ƙarar da ta zo da 'yan rakiya. Ta leƙa taga: 'yan acaba sun yi cincirindo a hagu, makiyaya a dama, kowa ya yi shiru irin wanda ba na alheri ba.

"Baffa, sake shi. Me ya yi?"

"Ɓarawo ne, ranki ya daɗe. Kafiretan mashin ɗina na gani a jikin nasa, a bakin tasha."

"Kafireta ai duk kamarsu ɗaya. Yaya ka gane naka?"

Sada ya ja ta waje, ya durƙusa gaban babur ɗin Boaz, ya goge ƙarfen da bakin rawaninsa. Ga tsaga uku an yi da zarto, biyu a dama, ɗaya a hagu.

"Haka muke tsaga kunnen shanunmu tun kakana. Ran da na sayi mashin, duk abin da ke kwancewa a jikinsa sai da na yi masa."

"To yaya aka yi ya bar hannunka?"

"Talata na kai shi sabis garejin Oga Yafet, wai dubu uku. Na dawo Alhamis, ya ce ɓarayi sun shigo sun cire kafiretan, kuma 'yan acaba yake zargi. Dubu goma sha takwas ya karɓa ya sa mini sabo. Har kwalin ya nuna mini, da tabon manja a murfinsa. Ɗan akuya na sayar."

Afiniki ta koma ciki, ta zaunar da Boaz.

"Ina ka samo shi?"

"Ma, da shi mashin ya zo daga kamfani. Allah ya sani."

"Kamfani ne yake tsaga kunnen saniya? Kai, Boaz! Na duba kan notikan, duk sabon karcen sukundireba ne. Ka ci gaba da yi mini ƙarya, da yamma kana bayan kanta, Litinin kana kotu. Bayan nan wa zai sake hawa bayanka a garin nan?"

Boaz ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Mashin na Madam Rosemary ne, Ma. Ta ce kada in kai wa kowane bakanike sai nata. Na ga allo an rubuta sabis dubu uku, na ce bari in rage wani abu. Laraba na bar shi wurin Oga Yafet. Da yamma ya ce kafireta ya mutu, ya riga ya sa sabo, dubu goma sha takwas. Idan Madam ta ji, za ta karɓe mashin. Yara huɗu ne da ni."

"Ya nuna maka kwali?"

"Ya nuna."

"Akwai wani abu a jikinsa?"

"Kamar manja ya zuba a murfin."

Afiniki ta miƙe. Ta shiga ofishinta ta cire kaki, ta ɗaura zane, ta yafa gyale, ta karɓi makullin babur ɗin Kofur Obadiah, babur ɗin da ko tari bai taɓa yi ba.

"Kofur, ka biyo ni da motar ofis, ka taho da su biyun da mashinansu. Ku tsaya bayan shagon mai citta sai na ɗaga hannu."

Garejin rumfar kwano ce a bakin hanyar Kagoro, ƙasa duk ta yi baƙi da mai. Oga Yafet ya taso da fara'a, mutum mai tumbi da zaƙin baki.

"Sannu Mama! Sabis? Dubu uku kacal, don Allah nake aikin nan."

Ya tayar da babur ɗin, ya kara kunne, ya ɓata fuska kamar an yi masa rasuwa.

"Kash! Mama, wa ya cuce ki? Kafiretan nan ya gama yawo. Amma kin yi sa'a, saura guda ɗaya sabo dal, jiya ya iso daga Kaduna."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwali. Tabon manja na nan a murfinsa, ya bushe har ya yi duhu.

"Jiya ya iso?"

"Jiya-jiyan nan."

"Buɗe in gani."

"Ai ba a buɗewa sai an biya. Ki bar mashin ɗin, ki dawo da yamma."

Ta fizge kwalin ta girgiza. Ko motsi babu a ciki. Ta ɗaga hannu sama.

Da Yafet ya ga Kofur Obadiah tafe, Sada a damansa, Boaz a hagunsa, fara'ar ta zube.

"Sufeto Afiniki ce," in ji ta. "Ka san waɗannan?"

"Dattijon na sani. Wannan kuwa ban taɓa ganinsa ba. Ƙila ma shi ne ɓarawon da ya shigo mini!"

"Ka kai rahoton satar ofishinmu?"

"Aiki ya yi mini yawa."

"To, ga wani aikin. Kwance sabon kafiretan da ka sa wa Baffa."

Yafet ya kwance, ya ajiye a kan benci. An wanke shi da fetur, yana ƙyalli. Boaz ya matso, ya juya shi, sai ya dafe kai.

"Yesu! Ma, nawa ne! Dubi notin nan mai ruwan zinare. Na asalin ya faɗi bara, na ciro wannan daga keken ɗinkin matata."

Sada ya dubi ƙarfen, ya dubi Boaz, bakinsa a buɗe.

"Wato," in ji Afiniki a hankali, "ka cire na Baffa ka sa wa Boaz, ka cire na Boaz ka sa wa Baffa. Lafiyayyu duka biyun. Ka karɓi kuɗin sabo sau biyu, da kwali guda, fanko. Sannan ka nuna wa dattijo 'yan acaba da yatsa."

Yafet ya zube a kan gwiwa.

"Ranki ya daɗe, dubu uku ba ta sayen ko baƙin mai! Idan na faɗi farashin gaskiya ba mai zuwa. Musanya kawai nake yi, ba wanda mashin ɗinsa ya tsaya. Ina zan san Bafulatani zai yi wa ƙarfe tsagar shanu?"

"Mutum nawa ka yi wa?"

"Ban ƙirga ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna shirun da ta bari a ƙofar ofis.

"Saura kaɗan yau a kashe mutum a tasha saboda musanyarka. Kofur, sa masa ankwa. Ka ɗauko kwalin."

Obadiah ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Sada bai bi su da kallo ba. Yana tsaye, idonsa a kan yagaggiyar rigar Boaz da leɓen da ya kumbura.

"Ɗana, ni na kira ka ɓarawo a gaban jama'a."



Dattijon ya tuɓe babbar rigarsa, ya zura wa Boaz, ta sauko masa har ƙwauri.

"Tayar da mashin ɗinka. Ni zan hau bayanka mu koma tashar. A inda na faɗa, a nan zan janye."