Kitson Kafinta

"Wa ya yi wa 'yata wannan aika-aikar a ka?"

Gaisuwar da Mama, surukata, ta yi mini ke nan ranar Asabar, ko jakarta ba ta ajiye ba. Na ce ni ne. Ta dube ni, ta dubi kan matata Auta, inda layukan kitso suka karkace kamar an yi su cikin mota tana gudu, sai ta leƙa taga ta ce wa direban da ya kawo ta ya jira, yau da 'yarta za ta koma.

Ni kafinta ne, katako da guduma hannuna ya sani. Amma tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matata, ta ƙi yarda kowa ya gan ta haka. Matan coci ma in sun zo addu'a daga falo suke juyawa. To wa ya rage? Ni nake mata wanka, ni nake juya ta kada bayanta ya yi gyambo, kitson ma a waya na koya, ina yi ina gumi.

Mama ta hau zuba kaya a akwati, bakinta bai huta ba. Wai jinya ba aikin namiji ba ce, wai na rufe shago na zauna, wai yarinya ta rame ni ma na rame. Abin haushin, ban da maganar farko duk gaskiya ta faɗa. Na shiga kicin na fito, na ɗauki tawul na ajiye, na rasa inda zan sa kaina.

"Mama, a gaban Allah da jama'ar coci na ce cikin lafiya da rashin lafiya..."

"Kai alkawari ka yi, ni haihuwarta na yi!"

Ina son matata kamar raina, amma sai tsoro ya kama ni: kada ya zama don kaina nake riƙe da ita. Na durƙusa bakin gadon, na ce wa Auta in can za ta fi jin daɗi, da hannuna zan ɗauke ta zuwa mota, kuma ba zan yi fushi ba. Ƙarya nake, ta kuma sani.

Magana wuya take mata yanzu. Muka tsaya muna kallon leɓenta yana rawa.

"Mama... kitsonsa... muni gare shi."

Mama ta harare ni, alamar ka ji ko. Sai Auta ta damƙe wuyan rigata da hannunta mai lafiya, har maɓalli ya tsinke.

"Amma... mijina ne. Nan... ne gidana."

Mama ta daɗe tsaye da zane a hannu, sannan ta fita. Na ji tashin mota, na ɗauka ta tafi ke nan da fushi, ashe direban ta sallama. Sai ga ta ta dawo idanunta jajir, ta zauna ta ɗora kan Auta a cinyarta, ta fara tsefe kitson a hankali, hawaye na ɗiga cikin gashin.

Ba ta ko dube ni ba ta miƙo mini matsefi.

"Matso nan, ɗana. Tunda kai za ka ci gaba da yi mata, zo in nuna maka yadda ake tsaga."