Waɗanda Ba a Sallama Ba

Injiniyan kamfanin nan malalaci ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Manhajar da ya rubuta takan buɗe tambaya zuwa rumbun bayanai, ta karɓi amsa, ta bar tambayar a buɗe ba sallama. Haka tambayoyin ke taruwa har ƙwaƙwalwar babbar kwamfutar ta cika, ta sume. Oga ya rantse in ta sake sumewa, injiniyan ya kwashe kayansa. Maimakon ya gyara, sai ya riƙa lallaɓowa ƙarfe biyun dare yana kashe ta yana kunnawa.

Daren nan ya tarar da wani dattijo tsaye gaban makunnin kwamfutar. Ɗakin sanyi kamar firji, amma mutumin gumi yake, yana warin ƙonanniyar wayar wuta.

"Kai tsoho, uban wa ya bar ka ka shigo? Matsa!"

"Kai ka kira ni, mara kunya," in ji dattijon, leɓɓansa ko motsi ba sa yi. "Na amsa, ba ka sallame ni ba. Kullum sai dai ka kashe mu."

"Ku? Kai da wa?"

Ya juya zai ƙwala wa maigadi kira. Tun daga ƙofa har ƙarshen baranda, dattijon nan ne dai tsaye sahu-sahu, kuma sahun gaba ya fara shigowa.