Wanda Ya Ƙara wa Sikeli Ƙanƙara

Sai da ƙanƙarar tsaunin Skardal ta fara narkewa asiri ya tonu. Ko'ina ƙasa ta leƙo, amma a kan sikelin da kamfanin lantarki ke auna nauyin ƙanƙara da shi, tuli ne har ƙugu, ga sawun shebur a jiki.

Ɓarnar ba kaɗan ba ce. Gunvor, ma'aikaciyar kamfanin, ita ke tsara ranar sakin ruwan madatsa da ranar riƙe shi har wuta ta yi tsada, kuma ta yarda da sikelin. Ganin nauyin da ya nuna, ta ɗauka in ƙanƙarar ta narke ambaliya na tafe, ta buɗe injuna, ta sayar da wuta da arha don ta samar wa ruwan wuri. Ruwa bai zo ba. Farashi ya hau, madatsa ta ja baya, kamfani ya ce da dillalai ta haɗa baki, ya dakatar da ita.

Da ita 'yar sanda Sajan Tordis ta fara bincike.

"Kin hau tsauni bana?"

"Da wannan gwiwar? Bene ma sai mun yi shawara da ita."

"Wa ya ci riba?"

"Duk wanda ya sayi wuta a Afrilu. Je ki kama rabin Norway."

Sindre, mai duba sikelin, dariya ya yi. "Ni da shebur? Ƙofar gidana ma ban share ba. Tambayi matata." Ta tambaya, matar ta ba da shaida har fiye da yadda aka nema.

Tordis ta hau tsaunin, ta shiga bukkar katako da ke kusa da sikelin. Duk wanda ya huta a nan yakan jera itace a murhu, don wanda sanyi ya koro ya ƙyasta ashana kawai. Ta buɗe murhun. An naɗe ɓawon itace kamar zobe, an ɗaure da ɗanyen reshe, an zaro ashana ɗaya ta leƙo daga kwali saboda mai daskararrun yatsu. Ta yi dariya, zuciyarta na ciwo. Mutum ɗaya ke wannan jeri, shi ya koya mata tana ƙarama: Halvard, yayan mahaifiyarta, tsohon mai gadin madatsa.

A cikin madatsar ta same shi, inda ruwa ya janye. Harsashin gidan gonar surukansa da ruwa ya haɗiye tun gina madatsa ya fito fili. Matarsa Borghild, wadda mantuwar tsufa ta kama, tana zaune a dutsen bakin ƙofa, fuskarta fes.

"Kawu, a murhun bukkar can ka ɗaure ɓawon da reshe."

Ya yi ajiyar zuciya. "Na sani. Har na fita, na dawo na jera itacen. In wani ya zo yana daskarewa fa?"

"Ka san in sikeli ya yi nauyi Gunvor za ta saki ruwa, gidan ya fito."

"Tun bara take cewa in kai ta gida. Sunana ma ya fara ɓace mata, amma ba ta manta inda murhunsu yake ba."

"An dakatar da Gunvor saboda kai. Suna cewa maciya amana ce."

Fuskarsa ta sauya. "Ce mini aka yi hutu ta tafi." Ya ɗauki hularsa. "Mu je. Da bakina zan faɗa musu, yau ɗin nan."

Tordis ta kira Gunvor ta ce mata sunanta ya wanku. Tana ajiye waya Borghild ta ɗago.

"Wace ce tsaye a waje? Shigo mana, 'yata. Amma cire takalmi, yanzu Inna ta goge daɓe."

Tordis ta dubi taɓon da ke tsakanin duwatsun, ta dubi kawunta. Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta.