Baƙuwar da Ta Biyo Dutsen Murhu

Magariba ce irin ta kullum a gidan Laminu direba, can ƙarshen unguwa inda Mubi ke ƙarewa gonaki su fara. Duwatsun gabas sun yi duhu, an yi kiran salla an gama, unguwar ta yi tsit. Matarsa Zenaba tana tankaɗen gari a ƙofar ɗaki, 'yarsu Adiza tana kora kaji akurki. Maigidan kuwa yana kan hanya, kamar yadda ya saba. Sai ga tsakuwa ta faɗo cikin faifai, ta tayar da gari. Zenaba ta ɗaga kai, ba kowa a kan katanga, ko tsuntsu babu. Ta tsince ta ta yar. Kafin ta mayar da hannu, wata ta sauka a kan rufin kwano, ta gangaro a hankali, a hankali, har ta faɗo gabanta. Da ta taɓa ta, sai ta ji ta da ɗumi kamar daga toka aka ciro ta.

To, abin ba a ranar ya samo asali ba. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, saƙo ya zo cewa Kaumi, wan Laminu da ke fatauci a Gembu, can saman duwatsun Mambila, yana kwance ba lafiya. Laminu ya ari Landiroba wurin maigidansa, ya ɗauki mata da 'ya, suka kama hanyar kudu, tafiyar kwana da kwanaki.

Shi Laminu ba mugu ba ne, kada a ɗau alhakinsa. Amma wallahi in za ka wuni da shi, abin da za ka samu bai wuce "to" da "madalla" ba. Haifaffen Mubi ne, Barbarcin kakanninsa ya zube masa tun yana yaro. Ita kuwa Zenaba daga Dikwa aka kawo ta, Hausarta ta sayen gishiri ce, Fillancin maƙwabta kuma sai dai ta yi murmushi in sun yi dariya. Saboda haka ta ɗora rai a kan wannan tafiya. Ta roƙe shi su yada zango a Gombi, inda ta ji akwai matan Barno. Ya ce gaba kaɗan. Ta ce to a Jimeta, gidan Amna 'yar goggonta, ko da kwana ɗaya ne. Ya ce cikin gari akwai gaishe-gaishe da tambaye-tambaye, gaba kaɗan. Gaba kaɗan ɗin nan tasa kullum a daji take ƙarewa, gindin wata bishiya inda ba mai yi maka sannu.

Zango na ƙarshe kafin hawan dutse, bayan sun wuce Serti, shi ne wanda ya fi kwanta masa a rai. Ya sauka daga titi, ya bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye, har bakin wani mayo, wato rafi, da ya kusa ƙafewa. Akwai kuka babba, da kufan bukkoki, da murhu na duwatsu uku baƙaƙe, a kafe daram. Zenaba ta ce wurin bai yi mata ba, shirun ya yi yawa. Ya ce ai ga murhu ma an haɗa mata. Ta hura wuta, ta yi tuwo, suka kwana. Da safe ya ciri ɗaya daga cikin duwatsun ya jefa bayan mota, don a hawan Mambila in mota ta mutu, sai an tokare taya da dutse, in ba haka ba ta koma da baya cikin rami. Ita ce ma ta riƙa sauka tana tokarewa. Suka gaida Kaumi, ya samu sauƙi, suka dawo, dutsen ya biyo su har Mubi, aka yar da shi gindin randa aka manta.

Daga magaribar da tsakuwar farko ta faɗo, jifa ba ta fasa ba. Ba ta taɓa samun kowa, amma da rana ta faɗi sai ta fara. Wani lokaci a ji kamar ana hura wuta a bayan rumbu, fuu, fuu, irin hurawar tsohuwa mai gajeren numfashi. Dijatu maƙwabciya, wadda dama aron rariya ne kaɗai ke shigo da ita, ta daina shigowa. Gidan da dama shiru ne, ya ƙara zama kufai.

Sannan abin ya koma kan Adiza. Yarinya ce mai tsalle-tsalle, 'yar kimanin shekara tara, amma sai ga ta da yamma tana zuwa bakin murhu ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta dafa ƙugu kamar mai ciwon baya. Wata magariba ta juyo ta dubi uwarta da idanun da ba nata ba, ta gaishe ta da Barbarci. Ba irin guntayen kalmomin da Adiza ta tsinta a bakin uwa ba, a'a, cikakken Barbarci tsoho, mai nauyi, irin na kakanni. Ta tambaye ta gajiya, ta tambaye ta mutanen gida.

Zenaba ta san abin da ya kamata: ta yi a'uziyya, ta kwashi 'yarta ta fita da gudu. Amma shekara nawa rabon da wani ya tambaye ta mutanen gida da harshen da aka yi mata waƙar reno da shi? Bakinta ne ya riga hankalinta. Ta amsa.

Haka aka fara hira. Baƙuwar ta ce a zangon nan take tun fatake na sauka da jakuna, masu kanwa da bandar kifi daga bakin Chadi, a bakinsu ta koyi harshen. Ta san rijiyoyin hanyar Dikwa, ta san waƙar da matan can ke yi a kan turmi. Ta ce tun shekarar da mutane suka yi layi suna jefa takarda a akwati, aka ce nan Najeriya can Kamaru, hanyar fatake ta mutu, aka fasa titi ta wani gefen, ba wanda ya sake sauka sai su. Zenaba ita ma ta kwance nata. Ta faɗi yadda uwarta ta rasu ba a gaya mata ba sai bayan sadakar arba'in. Ta yi kukan da ba ta samu wanda za ta yi wa ba. Ta fara shimfiɗa tabarma tun kafin rana ta faɗi, tana sauri ta gama aiki. Kunya ce a faɗa, amma gaskiya ce: ba ta taɓa jin daɗin Mubi kamar a kwanakin nan ba.

Adiza ce ke biya. Da safe ta tashi a gajiye, ba ta tuna komai, tuwo ba ya wuce mata loma biyu. Wuyanta ya zama siriri. Baƙuwar da ke zuwa da magariba ta koma zuwa da la'asar, daga nan tun azahar. Zenaba tana gani, tana cewa gobe za ta nemi malami, goben ba ta zuwa. Sai wata safiya ta miƙa wa yarinyar kunu, Adiza ta tsaya tana dubanta, tana neman sunan da za ta kira ta da shi, ta rasa. Ranar Zenaba ta san in aka ƙara mako, jikin zai rage amma 'yarta ta tafi.

A yammacin nan Laminu ya dawo. Ya tarar da 'yarsa tana zaune kamar tsohuwa, tana magana da muryar da bai sani ba. Ko takalmi bai cire ba ya juya da mota zuwa Gella, ya ɗauko Modibbo Sajo, wani dattijon malami siriri mai farin gemu, wanda aka sani da wannan aiki.

Modibbo ya shigo ana gab da faɗuwar rana. Ya yi alwala, ya sa garwashi a kasko ya zuba turare, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Tsakuwa ta riƙa zuba a kan kwano kamar ƙanƙara, ta yi ta yi, ta gaji ta tsaya. Adiza ta sunkuyar da kai.

"Wane ne a nan?" in ji Modibbo.

"Baiwar Allah ce, kamar kai," muryar ta amsa da Hausa, a hankali. "Rage karatun, malam, yana ƙona ni. Ban zo da sharri ba."

Ya tambaye ta abin da ya kawo ta. Ta ce dutsen murhunta aka ɗauke, tukunya kuwa ba ta zama a kan biyu. Laminu ya dubi gindin randa. Modibbo ya ce za a mayar mata da kayanta inda aka ɗauko, ta saki yarinya. Can ta ce ta yarda, amma a bar mata magariba kawai, safe da rana na yarinya ne. Ya ce babu. Ta ce to ta koma jikin uwar, ita ba za ta ƙi ba. Ya ce babu, ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta dafe kunnuwa.

"Malam, kana wahalar da ni a banza. Dutse na zo nema, amma da don shi kaɗai ne, da tuni na koma. An yi mini shimfiɗa ne. Tambayi matar gidan."

Modibbo ya dakata. Bai dubi Zenaba da faɗa ba, ya dai dube ta. Ya ce mata zai iya korar wannan da ƙarfi, amma yarinyar ba ta da sauran jikin da zai ɗauki wannan kokawa, kuma ko ya kore ta za ta dawo muddin ana jiranta. Wadda ta karɓe ta, ita za ta sallame ta.

Zenaba ta matso a kan gwiwoyinta. Ta kama hannuwan 'yarta, ƙasusuwa ne zalla. Ta yi magana da Barbarci. Ta yi godiya, ta nemi gafara, ta ce 'yarta take so, baƙuwa ta koma gida, kada ta sake dawowa ko da ta ji ana kiranta.

"Na ji," in ji muryar. "Ni na saba. Ke fa, wa zai yi miki hira?"

Da Hausa ta faɗi wannan, don kowa ya ji. Ta sa Laminu ya yi alkawarin zai kafa dutsen da hannunsa, ya hura wuta a murhun ko sau ɗaya ne kafin ya juyo. Ya yi rantsuwa. Adiza ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Iya, yunwa nake ji." Zenaba ta rungume ta tana kuka, kuma ko ita ba za ta iya raba maka wane hawaye ne na murna ba.

Bayan an mayar da Modibbo, yarinya ta ci ta yi barci, Laminu ya ɗauki dutsen ya nannaɗe a buhu ya sa a mota. Ya dawo ya tsaya a kan Zenaba, yana juya makulli a hannu. Da ƙyar ya tambaye ta.

"Duk kwanakin nan, me kuke faɗa?"

Zenaba ta ɗago. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa tambayarta irin wannan ba. Ta fara haɗa kalmomin a 'yar Hausarta, ta ina za ta fara, daga Dikwa ko daga uwarta. Tana cikin nema ta ga idonsa ya koma kan tayar baya, wadda iskarta ta ɗan sauka.

Ta ce, "Ba komai."

Ya ce, "To, madalla," ya tafi neman famfo.