Awa Ashirin da Biyu

Datti ya ƙirga awannin da jirgi yake yi a sama, bai ƙirga kwanakin jiran jirgin ba. Abin da ya rusa masa gida ke nan.

A shekarar 1978 aikin kuza ya fara mutuwa a Jos. Baturen da Datti yake yi wa gyaran famfo ya samu aiki a wani tsibiri can gaba da Indiya, inda ake haƙar kuza kamar nan, ya ce su tafi tare.

Matarsa Kubra ta riƙe masa riga tana kuka.

"Maigida, ka bar ni da Inna ni kaɗai? Ka san ba ta da lafiya!"

"Haba Kubrata, hasken idona... Oga ya ce awa ashirin da biyu ne a jirgi. Ki buga waya yau, gobe warhaka ina nan gida Dilimi."

Inna Hasiya, mahaifiyarsa, tana kan tabarma tana ji. Ta riƙe maganar gam.

Wata bakwai da tafiyarsa cikin Inna ya kumbura. Kubra ta ruga gidan waya ta aika saƙo, ta dawo da tasi har ƙofar gida.

"Inna, tashi mu je asibiti."

"A yanka ni ɗana ba ya nan? Ki sallami mai motar. Gobe warhaka yana nan."

"Inna, don Allah..."

"Ke kika haife ni? Na ce gobe!"

Gobe ta zo, jibi ta wuce. Kullum Kubra sai ta durƙusa ta roƙe ta, kullum amsar ɗaya ce. Ta kira maƙwabta, suka ce ba a ɗaukar tsohuwa da ƙarfi. Ko wane jirgi ya wuce, sai Inna ta ɗaga kai ta ce, "Share ɗakinsa."

Babu wanda ya gaya musu cewa saƙon sai da ya kwana shida kafin ya isa ramin kuza, ko cewa sau ɗaya a mako biyu jirgi yake sauka a tsibirin.

Ran kwana goma sha ɗaya Inna ta cika, kanta a cinyar Kubra. Ran sha tara Datti ya shigo da akwati, ya tarar da ɗakin a share, ba kowa kan tabarma.

Kubra ta taso da gudu. Bai buɗe mata hannu ba.

"Kwana goma sha ɗaya, Kubra! Asibiti yana nan kusa, kina kallonta?"

"Kai take jira, Maigida... Wallahi na roƙe ta..."

Ya kasa ɗaukar laifin, sai ya ɗora mata. A tsaye ya rubuta takardar saki, hawaye yana ɗiga a kai.

Kubra ta koma gidan ubanta a Gada Biyu da kaya ƙulli ɗaya. Ita ta yi jinyar, ita ta yi wankan gawar, ita kuma aka saka.