Alamar Kore Ta Yi Ƙarya

Ranar da Yazidu ya fara ganin Hamdiya, faɗa take yi da ordinatar, wato kwamfuta, a biron ƙungiyar makiyaya na Dakoro. Ita ke rajistar dabbobin da aka yi wa rigakafi a Azagor, rajistar kuwa a shafin intanet take, sai da rezo, wato sabis, ake shigarsa.

"Rezo ya ɗauke, shanu ɗari biyu sun ɓace mini!" ta ce.

"Shanun suna nan, malama, shafin ne ya gudu," in ji Yazidu, mai kula da na'urorin ƙungiyar. Ta harare shi, shi kuwa bawan Allah tun daga hararar nan ya kamu.

Sati uku ya yi yana haɗa mata wata manhaja da ke zaune cikin ordinatar kanta. Ta rubuta ko babu rezo, in ya dawo manhajar ta tura komai shafin. Har akwatin saƙo ya sa tsakaninsu, don aiki wai. Saboda kada hankalinta ya riƙa tashi, sai ya sa alamar kore mai nuna saƙo ya isa ta fito da zarar ta danna, ko saƙon bai tafi ba. Kaico, da ya sani!

"Hamdina, yau shanu nawa?"

"Tamanin, Mai Gyara. Da mutum ɗaya da ya hana ni sukuni."

Da Yazidu ya nemi aurenta, mahaifinta Malam Na'Allah ya ƙi. Ya ce wanda ba shi da ko akuya ba zai riƙe 'yar makiyayi ba, ga Jimrau mai fataucin raƙuma yana nema.

"Ka bar ni da Baba," ta ce mishi ranar da za ta koma Azagor. "In ya sauko, zan rubuto ma."

Kwana biyu bayan tafiyarta Yazidu ya sabunta shafin, bai san sabuntawar ta toshe akwatin saƙo ba. Rajista ta ci gaba da shigowa, saƙo kuwa ko ɗaya. Ya ce a ransa ta zaɓi Jimrau, girman kai ya hana shi tambaya. Ita kuma ta rubuto, ta ga kore, ta ɗauka ya karanta ya yi banza da ita. Kunya ba ta barin mace ta roƙa sau biyu.

Bayan wata takwas aka kawo ordinatar gyara daga Azagor. Yana sabunta manhajar sai ga saƙo ya faɗo:

"Mai Gyara, Baba ya yarda. Ya ce ka turo manyanka kafin Sallar layya, yana so ya ba da ni da bakinsa. Jikinsa ba daɗi, kada ka daɗe."

Ya hau babur bai ko rufe biro ba. A Azagor ya iske an yi sadakar arba'in ɗin Malam Na'Allah tun satin da ya wuce.

"Kullum sai ya tambaye ni ko ka amsa," ta ce, idonta a ƙasa. "Na ce mishi ka gani."

"Ban gani ba, Hamdiya. Ni na sa alamar nan, laifina ne." Ya durƙusa gabanta yana kuka kamar yaro.

Ta ɗago kai ta ce, "Ni ma da na sake rubutawa. Tashi, kawu Arzika na ciki."

Kawun ne ya ba da ita bayan damina, aka shafa fatiha, aka yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Allah Ya amsa.

Yanzu alamar rawaya take fitowa, ba ta zama kore sai saƙo ya isa. Tsohon saƙon yana nan cikin ordinatar, Yazidu ya kasa goge shi.