Karatun Waya da Bandar Inna Dudu

Injin jirgin ya mutu ne a tsakiyar ruwa, tsakanin Wara da Yelwa, ranar kasuwa. Mata suka hau salati, direba ya hau zufa, sai wani saurayi da ke can baya ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi wuri. Basiru ke nan, ɗan Shanga, makanikin injin jirgi a bakin ruwan Yelwa.

Zulai'atu ba ta cikin masu salatin. Tana zaune tsakanin kwalayen bandar kifin mahaifiyarta Inna Dudu, ta ɗaga waya sama tana farautar sabis, ɗaya hannun kuma riƙe da takarda mai sunayen dandalin karatu uku. Shekara biyu da gama sakandare, tafiya karatu Birnin Kebbi ta gagara, sai ta ji labarin karatu kyauta ta intanet. Wanne za ta shiga, shi ne abin da ya hana ta sakat.

Da injin ya tashi, Basiru ya dawo yana goge baƙin mai, idonsa ya faɗa kan takardar, daga nan ya zarce kan mai takardar. Ya yi sallama, ya ce duka ukun ya san su, don rabin aikin da ya iya a ɗayansu ya koya.

"Kar ki dubi kyawun hoto," in ji shi. "Ki tambaya ko ana iya sauke darasi a aje cikin waya. Mu nan sabis baƙo na, in ya zo ba shi kwana. Kuma ki duba ko kyautar ta gaskiya ta, ko ɗanɗanon sati guda."

"To, Injiniya," ta ce, tana danne dariya.

"To, Malama."

Kafin jirgi ya taɓa gaɓa sun karɓi lambar juna, wai don tambayar karatu kawai. Kowa a jirgin ya san irin wannan karatun.

Sai dai akwai Jabiru, mai shagon kwamfuta a Wara, wanda shi ya rubuta mata sunayen. Ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu, kuma Inna Dudu tana yi da shi: ga farar shadda, ga shago mai fanka. Jabiru ya nace ta shiga dandali na farko, mai aji kai tsaye da satifiket mai ruwan zinare. Basiru kuwa na ƙarshe ya nuna mata, mai koren tambari, wanda ba ado ba kwalliya.

Zulai ta zaɓi mai ruwan zinaren, don tana son abin da za ta nuna wa Inna. Labari ya ƙetare ruwa, sai ga saƙo:

"Malama, na ji kin zaɓa. Allah ya ba da sa'a. Mai baƙin mai ba ya ja da mai fanka."

Ta karanta sau uku, ranta ya sosu. Ta mayar masa: "Dandali na zaɓa, Injiniya. Maganar mutum ban kai wurin ba tukuna."

Bai amsa ba. Kwana goma ya yi yana fushi da wayar da ba ta yi masa laifin komai ba.

A cikin kwana goman nan ajin kai tsaye ya nuna mata halinsa. Ƙarfe huɗu malami zai bayyana, ya buɗe baki, sabis ya ɗauke, ya daskare a haka har la'asar ta wuce. Da ta rasa aji uku aka cire sunanta. Jabiru ya ce laifin wayarta ne. Ranar ta yi kuka, kuma ba na karatun kaɗai ba ne.

Ranar kasuwa ta tarar da Basiru a ƙarƙashin rumfarsa, ya baje injin. Ta miƙa masa wayar ta ce ya nuna mata koren. Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma a nan ne ya gama sace zuciyarta.

Cikin darussan ta ga na sarrafa kifi da adana shi, ta ce ga nata. Duk ranar kasuwa sai ta zauna a bencinsa, inda sabis ke da ƙarfi, ta sauke na mako guda, ta koma Wara ta saurara a gaban murhu. Shi kuma kullum da safe sai ya turo:

"Malamata, an tashi lafiya? Yau darasi na nawa? Ni nawa darasin guda ne, kuma ban gaji da maimaita shi ba."

Da Basiru ya nemi izinin turo magabata, Malam Aminu mahaifinta, mutum mai sanyin hali, ya ce shi ba shi da ja in Dudu ta yarda. Dudu kuwa ba ta yarda ba, kuma da dalilinta. Ana gobe Basiru zai zo neman izinin, Zulai ta ce mata a daina fesa wa kifi maganin ƙwari, wai malamar cikin waya ta ce yana cutar da masu ci. A jiƙa shi a ruwan gishiri, a banda shi da wuta marar ƙarfi, a sake mayar da shi kan hayaƙi bayan kwana uku.

Shekara talatin Inna Dudu tana banda. Duk bakin ruwan nan an san hannunta, sai ga ɗiyar cikinta da waya a kunne tana yi mata gyara.

"Wanga yaro ya sa ki rena ni," ta ce. "To ki yi kwalinki, in yi nawa, mu aje sati ukku har Ruth mai sarin kifina ta zo. In ƙwari sunka ci naki, ki aje wayar, ki aje mai wayar."

Damina ce, lokacin da kifi ke jan raɓa ƙwari su mai da shi gari. Zulai ta san haka, ta ce ta yarda. Da ta gaya wa Basiru, bai yi dogon turanci ba. Ya yanka tsohon duro ya yi mata murhu mai raga hawa uku, irin wanda ta nuna masa a darasi, ya ɗoro a jirgi. Ya rubuto:

"Zuciyata na cikin kwalin nan, Malamata. A kula da hayaƙi."

Sati ukun nan kullum sai Zulai ta leƙa kwalin. Sau biyu ta sauko da kifin ta mayar kan wuta. Inna tana kallonta ta wutsiyar ido.

Ruth 'yar kasuwa ce daga Anacha, shekara goma sha biyu tana sarin kifin Inna. Tana da yadda take gwada kaya: ta ɗaga kwali ta girgiza ta ga ko gari zai zubo, sannan ta karya kifi ɗaya a wuya ta sansana. Aka ajiye mata kwali biyu a kasuwar Yelwa, ba a gaya mata na wa da na wa ba. Basiru na tsaye can nesa, ya riƙe sifana kamar wanda aiki ya kawo.

Ta girgiza na farko, ba gari. Ta girgiza na biyu, ba gari. Ta karya tarwaɗa daga na farko, ta sansana, ta ɗan yatsina fuska, ta ce da ma tana son ta yi magana, masu sayenta sun fara ƙorafin warin magani. Ta karya daga na biyu, ta sansana, ta sake sansanawa, sai ta gutsura ta kai baki. Tunda Inna take da ita ba ta taɓa ganin ta ci kifin sari ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji Ruth.

Inna ta miƙa hannu. Ta karɓi ragowar ta ɗanɗana, idonta ya kawo ruwa.

"Wanga hannun Innata na," ta ce a hankali. "Haka take yi kafin magani ya shigo gari. Gishiri, wuta kaɗan, a sake maidawa. Mu munka yada, wasu sunka tsinta sunka sa cikin waya, ɗiyata ta ɗauko mani."

Ta juya ga Ruth, murya ta dawo daidai: "Ɗiyata ta yi shi. Ni na haife ta."

Sannan ta ɗaga hannu ta yafito mai sifana. Basiru ya zo ya durƙusa, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ka turo manyanka," ta ce. "Amma ka wanke hannu tukuna."

Jarrabawar ƙarshe bidiyo ake turawa na aikin da ɗalibi ya koya. Inna ta ɗaura sabon ɗankwali ta ce ita za ta riƙe wuta. Ɗalibai daga ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba suka yi ta tambaya a kan hannun tsohuwar nan, Zulai tana fassarawa, Inna tana amsawa tana gyara zama. Satifiket ya zo, fari fat ba zinare, ta sa aka buga shi a shagon Jabiru ta rataye a rumfarta.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a Wara. Mutanen Shanga suka zo, na Yelwa suka cika jirage uku, kowa ya ci miyar kifin amarya. Da za a shiga da ita jirgi, saƙo ya shigo:

"Malamata, na duba injin sau huɗu. Yau ba zai mutu ba."

Inna Dudu ta riƙe hannun ɗiyarta a bakin ruwa ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ya sa karatun ya amfani na baya. Jama'a suka shafa. Har jirgi ya fara ja, sai ta laluba haɓar zaninta ta fito da tsohuwar wayar Zulai, wadda ta taɓa cewa a ajiye, ta ɗaga ta sama.

"Ke Zulai, ranar kasuwa ki sauke mani darasi na gaba."